Memwar da sutnans: yadda na kammala lisans a Maraɗi

A tsarin karatun da jami'o'in Nijar ke bi yanzu, wanda ake kira LMD (lisans, mastar, doktora), lisans shekara uku ne: semestir shida, kowanne da kiredi 30, jimilla 180. Ƙasashen UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, sun amince da tsarin tare a 2007, don takardar da ɗalibi ya samu a Maraɗi ta yi nauyi ɗaya da ta wanda ya yi karatu a Wagadugu ko Dakar. A fannin aikin gona da na karanta, ba a rufe semestir na ƙarshe da jarrabawar aji kaɗai. Sai ka fita istaj, wato koyon aiki a fili, ka yi bincike da hannunka, ka rubuta memwar, wato rahoton binciken, sannan ka tsaya gaban juri na malamai ka kare abin da ka rubuta, abin da ake kira sutnans. Ƙannenmu da ke shekarar farko da ta biyu suna jin sunan waɗannan abubuwa daga nesa, kuma da wuya ka ga wanda ya zaunar da su ya faɗa musu abin da ke ciki. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda nawa ya kasance.

Akwai maganar da ya kamata a faɗa wa kowane sabon ɗalibi tun ranar rajista. Kiredi ɗaya ana lissafa shi a kan awa 20 zuwa 25 na aiki, kuma ba duka awoyin nan ake yi gaban malami ba. Akwai darasin ampi a babban zaure, akwai TD na atisaye da malami, akwai TP na gwaji da hannu, sannan akwai kaso mai yawa da aka bar wa ɗalibi shi kaɗai: ya karanta, ya nemo littafi, ya sake lissafin da aka yi a allo har ya zauna masa. Wannan kason ba a kiran suna a kansa, ba mai duba ko an yi shi. Mafi yawanmu mun shigo ba mu san an ƙidaya shi cikin karatun ba. A ganinmu, in ka halarci darasi, ka kwafi abin da aka faɗa, ka haddace shi kafin jarrabawa, to ka sauke nauyi.

Ba daga sama wannan tunanin ya faɗo mana ba. Ni bak D na yi, jarrabawar ƙarshen lise ta fannin kimiyya, a wani lise da ke wajen birni. Aji cike, malami yana karanto darasi muna rubutawa, ɗakin gwaji kuwa babu. Mun zana mikroskop a kaye, mun sa wa kowane sashensa suna, amma ban taɓa kara idona a kansa ba sai a jami'a. Shirin bak shi ne a tattaro tambayoyin shekarun baya a yi ta maimaitawa har hannu ya saba. Malamanmu na lise ba ragwaye ba ne. Da yawansu ƴan kwantiragi ne masu aiki cikin wahala, kuma abin da za a tambaye su ƙarshen shekara shi ne yara nawa suka ci. Ga kuma Faransanci, wanda muke karatu da shi tun firamare amma ba mu yin sa a gida, ba mu yin sa a kasuwa. Muna iya maido da jimlar da aka ba mu ba kuskure. Amma mu gina tamu, mu jera hujja a bayan hujja har shafi biyu, wannan ba a taɓa nema daga gare mu ba.

Abin da ya tayar mini da hankali daga baya shi ne yadda wannan dabarar ke iya kai mutum har shekara ta uku lafiya lau. 10 bisa 20 ake nema. In ka faɗi a darasi ɗaya, makin ɗan'uwansa da suke rukuni ɗaya yana iya ɗaga ka. In bai isa ba, akwai ratirapaj. Ba aibu ba ne a ba ɗalibi dama ta biyu, kuma mutane da yawa da na sani masu ƙwazo sun tsira ta nan. Sai dai da hadda da ratirapaj, mutum yana iya tara kiredi 150 bai taɓa karanta rahoton bincike ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Memwar ne ke tona wannan.

Malamai sukan liƙa jerin batutuwa a zaɓa, ko ɗalibi ya kawo nasa in malami ya yarda. Ni na kawo ajiyar wake, saboda gida. Mahaifina manomi ne a wani ƙauye ta wajen Agye, kuma tun ina yaro nake ganin ana sayar da wake da kaka, lokacin da tiya ba ta da daraja, sai bazara ta kama a ji farashi ya hau, mu kuma ba ko ƙwaya a rumbu. Nijar tana sahun gaba a noman wake a duniya, Najeriya ce kaɗai ke gabanta, kuma mai yawa daga na yankinmu ta Ɗan Isa da Jibiya yake tsallakawa. In ka tambayi manomi me ya sa yake saurin sayarwa, amsar da zai fara ba ka ita ce ƙwari.

Malamin da ya karɓi kula da aikina, wanda duk muke kira Dakta, bai bari na taɓa wake ba sai da na kawo masa tsarin aiki a rubuce. Na kai masa shafuka cike da bayanin amfanin wake ga jiki da tattalin arzikin ƙasa. Ya karanta, ya ajiye bik, ya bar Faransanci ya koma Hausa, abin da yake yi in yana so magana ta shiga.

"Duk wanga na san shi, kai ma ka san shi. Mi kake so ka sani wanda ba ka sani ba yanzu?"

Na ce, "Dakta, ina so in san hanyar da ta fi kyau ta ajiye wake."

"Ta fi kyau ta wace fuska? Ta fi hana huda, ko ta fi arha, ko ta fi barin iri ya tsiro? Cikin wata nawa? Abin da ba ka iya aunawa bai zama tambaya ba tukuna. Tahi ka sake."

Na yi ta kai da kawowa har tambayar ta tsaya da ƙafarta: a kwatanta hanyoyi huɗu, wato buhun kasuwa da kowa ya sani, wake gauraye da toka, jarkar da aka cika aka toshe, da buhu mai ruɓi uku, a duba yawan huda, raguwar nauyi da tsirowar iri, daga bayan kaka zuwa tsakiyar zafi. Layi uku ke nan, amma sun fi duk shafukan da na fara kaiwa wahalar samu.

Sai karatu. Buhun nan mai ruɓi uku, PICS, masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka ne suka samar da shi tare da abokan aikinsu na Afirka, aka shiga yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007, kuma masu binciken INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, da ke Tarna, nan bakin gari, suna cikin waɗanda suka gwada shi a ƙasarmu. Da yawa daga rahotannin da Ingilishi aka rubuta su, harshen da muka yi a kwaleji da lise don neman maki kawai. Na zauna da ƙamus a waya, wani sakin layi ɗaya sai ya cinye mini dare. Dakta ya sa mini doka: kowane rahoto na gama, in rubuta a ƙaramar takarda wa ya yi shi, a ina, wace shekara, me ya auna, me ya samu, kuma da kalmomina, rahoton yana rufe. In ban iya ba, ban karanta ba ke nan, in koma. Da an koya mana wannan a semestir na farko, da shekara ukun nan sun yi mana albarka fiye da yadda suka yi.

A cikin karatun nan ne na fara jin daɗin fannin da na zaɓa. Ƙwaron wake, wanda a littafi ake kira Callosobruchus maculatus, tun daga gona yake biyo amfani. Macen tana liƙa ƙwai a jikin ɓawo ko ƙwaya, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta huda ta shige ciki tana ci, in da zafi cikin kamar mako uku zuwa huɗu ta fito ƙwaro, ta sake zuba nata ƙwan. Shi ya sa buhun da aka ɗinke tas a watan Nuwamba ake buɗe shi da bazara a tarar da gari da wari. Buhu mai ruɓi uku kuwa leda biyu ne masu kauri a ciki, kowace a ɗaure ta daban, sai buhun saƙa a waje. Ba magani ko kaɗan. Ƙwarin da kansu ke shaƙe ɗan iskar da ta rage, oksijin ya yi ƙasa, su daina ci, su daina haihuwa, su bushe su mutu. A shekara ta biyu mun haddace darasin numfashin ƙwari mun ci jarrabawarsa. Sai a nan na ga inda yake aiki.

Fahimtar nan ce ta yanke yadda za a tsara gwajin. Tunda iska ce sirrin, ba a buɗe buhu a leƙa a mayar, don in ka buɗe ka ba ƙwarin rai. Saboda haka muka kasa waken ƙanana-ƙanana, kowane kashi da ranar buɗe shi, sau ɗaya tak. Kowace hanya kuma an maimaita ta sau uku, don kada abin da ya samu buhu ɗaya bisa tsautsayi a ɗauke shi hukunci. Na sayi waken a wurin mutum ɗaya, iri ɗaya, na gauraya shi sosai kafin rabawa. Kuɗin wake, da buhuna, da kabu-kabu, da fotokofi, yayana mai shago a babbar kasuwa ne ya ɗauki mafi yawansu, Allah ya saka masa.

Ranar buɗewa aiki ne na haƙuri. Ka ɗebo ƙwaya 100 ba zaɓe, ka duba kowace: mai huda nawa, huda nawa a jikinta, ƙwai nawa a liƙe. Ka tankaɗe ka ƙirga ƙwari masu rai da matattu. Ka auna nauyi. Ka shuka wani kashi a faranti mai damshin rairayi, ka jira ka ƙirga waɗanda suka tsiro. Sannan ka sake, ka sake. Ba mai tsaye a kanka. In ka ƙirga 60 ka gaji ka ƙiyasta sauran, ba wanda zai sani a ranar. A nan na gane cewa duk lambar da ke cikin littattafan da muke haddacewa, wani ne ya zauna haka ya ƙirga ta, kuma amanarsa muke ci.

Ɓangare na biyu na aikin tambayar manoma ne, a wasu ƙauyuka ta wajen Agye da Madarumfa. Ba a shiga gari da takarda a hannu a fara tambaya. Sai ka fara gaida maigari, ka faɗi ko kai ɗan wane ne, daga ina, me ya kawo ka, ya haɗa ka da wanda zai zagaya da kai. Babbar wahalar ita ce mutane suna ganin ɗan lakwal da takarda sai su ɗauka puroje ne ya zo rubuta sunaye, amsa kuma sai ta karkata wajen abin da zai jawo taimako. Dole in faɗa tun farko cewa ban zo da komai ba, karatu nake, kuma su ne malamaina a wannan. Wani dattijo ya yi dariya ya ce, "To ɗana, in koyo ka zo, zamna." Ya kai ni har ɗaki ya nuna mini tanon ƙarfe da yake zuba wake ya liƙe bakinsa da laka, dabarar da ya ce ya daɗe yana yi. Hikimar ɗaya ce da ta buhun, hana iska shiga. Mata kuwa, waɗanda su ke riƙe da waken iri da na cefane, sai da wata ƴar garin ta raka ni kafin suka saki jiki, kuma bayaninsu kan toka da yawan da ake zubawa ya fi na maza daki-daki. Da yawa sun yi ƙorafin ƙwayar maganin da ƴan kasuwa ke jefawa cikin buhu, suna tsoron ci.

Ana tsakiyar gwaji ɓera ya huda ɗaya daga buhunan masu ruɓi uku. Da na buɗe shi, ƙwari sun yi masa illa kamar buhun kasuwa. Raina ya ɓaci, don wannan buhu ɗaya zai dagula jadawalin duka. Wani abokin karatuna, da zuciya ɗaya yake nufin taimako, ya ce in duba lambobin sauran biyun in sa wadda ta yi kama da su, ai kowa ya san abin da zai fito. Na kai wa Dakta maganar ɓeran. Bai nuna damuwa ba. Ya ce in rubuta abin da ya faru yadda ya faru, da ranar da na gani, in cire buhun daga lissafin kwatance in kuma faɗi dalili a fili.

"Manomin da kake wa wanga aiki, gidansa babu ɓera? Abin da ya same ka shi za ya same shi. Sakamako ne, ba ɓarna ba."

Haka kuwa aka yi. Wannan buhun ya ba ni shafi guda a kan inda ya kamata a ajiye buhu: a ɗaga shi daga ƙasa, a nisanta shi da bango, a riƙa duba ledar kafin a sake amfani da ita wata shekara. Na daɗe ina tunanin shawarar abokin nan. Ba mugu ba ne, kuma ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayin ba. Mun taso ne a karatun da amsa ɗaya ce daidai, tana bayan littafi, aikin ɗalibi ya kawo ta. Wanda aka rena a haka, in lambarsa ta saɓa wa abin da ake tsammani, gani yake shi ya yi kuskure, sai ya gyara lambar.

Lissafin ƙididdiga ya zo da nasa. Mun yi darasinsa, mun ci jarrabawa a takarda, amma zama gaban kwamfuta da lambobinka na kanka wani abu ne daban. Na ari kwamfuta, na koyi jera bayanai a Excel, sannan wani ɗan mastar ya zauna da ni ya nuna mini yadda ake gwajin ANOVA, na kwatanta sakamakon hanyoyin, a manhajar R, da abin da ake nufi in an ce bambanci ya wuce na dace. Ya ƙi ya danna mini ko sau ɗaya. Ya ce ƴan juri ba shi za su tambaya ba. In kuran ya ɗauke da zafin Afrilu, sai a jira dare. Abin da ya fito bai saɓa wa abin da magabata suka samu ba: buhun kasuwa ya lalace ƙwarai, toka ta rage ɓarna amma ba ta hana ba, jarka da buhu mai ruɓi uku sun riƙe waken, irin kuma ya tsiro.

Rubutun kansa kashi huɗu ne: gabatarwa, kayan aiki da hanyar da aka bi, sakamako, sai tattaunawa. Ukun farko ana iya lallaɓa su. Tattaunawa ce ke raba ɗalibai, don a nan ake so ka ce ga abin da na samu, ga abin da wane ya samu a wuri kaza, ga inda muka dace, ga inda muka saɓa, ga dalilin da nake zato. Ba inda za ka kwafo wannan, tunda ba wanda ya taɓa riƙe lambobinka. Dakta ya maido mini da wannan sashen ja wur da gyara, ba sau ɗaya ba. Wani lokaci gyaran Faransanci ne, amma mafi yawa a gefen shafi yakan rubuta kalma ɗaya ce da alamar tambaya, yana neman hujja.

Ba zan rufe ido a kan abin da kowa ya sani ba. Tsofaffin memwar suna yawo a kile USB daga hannu zuwa hannu. Akwai mai ɗaukar na wani ya canza sunan ƙauye da shekara. Akwai mai biyan kuɗi a rubuta masa. Yanzu kuma ga manhajojin waya da ke zubo shafuka cikin Faransanci mai santsi, har da sunayen littattafan da in ka neme su ba za ka same su ba. Dakta yana da hanyarsa mai sauƙi. Yakan rufe takardar, ya ɗora hannu a kai, ya ce ka faɗa masa da Hausa abin da sakin layi kaza ke cewa. Wanda ya rubuta da kansa, ko Faransancinsa na da rauni, zai yi bayani har ya ƙara. Wanda ya kwafo kuwa sai ya tsaya kamar yarinyar da aka ɗora wa tallan da ba ta san farashinsa ba. Na ga wanda aka ɗage wa sutnans a kan haka, kuma na ga yadda abin ya yi wa iyayensa ciwo, su da suka riga suka gayyaci dangi.

A irin wannan lokacin ne ake ta da maganar da muka sha yi a ɗakunan kwana da wurin mai shayi: ya kamata malamai su duba halin da muke ciki su sassauta. Halin kuwa gaskiya ne. Akwai mai zuwa darasi bai karya ba. Akwai mai yin kabu-kabu da dare don ya biya haya. Alawus yakan makara, yajin aiki yakan tsinka shekara, wata ta hau kan wata. Akwai ɗalibai mata da ke haɗa karatu da goyo da girki. Kafin 2010, lokacin da aka buɗe jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram, ɗan talakan yankin nan sai ya tafi Yamai, fiye da kilomita 600, ko ya haƙura. Yau ƴaƴan manoma irina suna shiga, kuma muna shigowa da duk giɓin da makarantun baya suka bar mana. Ba mu muka haƙa giɓin ba.

Amma na kasa yarda cewa maganinsa a rage abin da ake nema. Wanda aka ba takardar aikin gona, gobe shi zai tsaya gaban manoma ya ce ga yawan maganin da za a fesa, ga irin da za a shuka. Na fannin lafiya, rai za a miƙa masa. In an tausaya masa an ba shi makin da bai kai ba, wani ne can a ƙauye zai biya, wanda bai san an yi ba. Tausayin da na gani ya yi amfani shi ne irin na Dakta: ya ba ka lokacinsa, ya karanta shafinka layi-layi, ya maido maka, ya sake karantawa, amma ba ya sa hannu sai aikin ya kai. Wannan haƙƙinmu ne a kan malamai, kuma ya dace a nema da babbar murya, tare da darasin koyon karatu da rubutun bincike tun shekarar farko, ba sai ana saura wata kaɗan a gama ba. Awoyin nan da tsarin ya bar mana kuwa, ba wanda zai zauna ya yi mana su. Na san ɗalibai da suka fi ni talauci, suka fi ni raunin Faransanci ranar da muka shigo, suka fita sun fi ni, don sun riƙe laburare da ƙungiyar bita tun semestir na farko.

Da Dakta ya gamsu, ya sa hannu a takardar izini. Na buga kwafi na ƴan juri, aka ɗaure, na ajiye a sashe, aka sa rana. Kafin ranar na yi gwajin bayani gaban abokai, suna riƙe da agogo, don kusan minti 15 ake bayarwa, kuma aikin watanni ba ya son shiga minti 15. Ƴan juri uku ne: shugaba, mai bincikar aikin, da Dakta. Baba da Inna sun zo daga ƙauye, suka zauna a baya tare da yayana. Ba su jin Faransanci, amma da hoton buhunan ya fito a bango na ji Baba yana yi wa Inna bayani ƙasa-ƙasa.

A wurare da dama sutnans ya fara zama biki: a zo da abinci da masu hoto, ƴan juri su ji nauyin iyaye, a ba kowa 17 ko 18. Ina ganin wannan cutar da ɗalibi ne, don in kowa ya samu 18, makin bai ƙara faɗin komai a kan kowa ba. Nawa ƴan jurin ba su yi haka ba. Mai bincikar aikin ta bi shafukan ɗaya bayan ɗaya. Ta tambayi dalilin maimaitawa sau uku, ta tambayi buhun ɓera, ta nuna jadawalin da na manta ban sa ma'auninsa ba, ta nuna sunan wani marubuci da ke cikin rubutu amma babu shi a jerin ƙarshe. Waɗannan na amsa, don ni na yi aikin. Sai shugaban juri ya rufe kwafinsa ya ce: tunda buhun yana aiki haka, kuma an fi shekara goma ana tallarsa, me ya sa manoman da na tambaya, har da mahaifina, suke ci gaba da sayar da wake da kaka?

Na ce takardar tambayoyina ba ta taɓo wannan ba, kuma ba ni da lambar da zan dogara da ita. Ya ce amsar ta yi, ta fi a ƙirƙiro wata, amma aikin bai cika ba sai an taɓo shi. Aka fitar da mu suka yi shawara, aka maido mu, kowa ya miƙe tsaye, aka karanta sakamako: 14 bisa 20, da sharaɗin in yi gyare-gyaren da aka lissafa in ƙara sashe a kan tambayar shugaba kafin a karɓi kwafin ƙarshe. Mutane da yawa ba su san wannan ba, suna ɗauka da an tafa an gama. Takardar shaidar kammalawa ba ta fitowa sai an ajiye gyararren kwafi da sa hannun malami.

Na koma wasu daga ƙauyukan da tambaya ɗaya. Amsoshin ba su da alaƙa da ƙwari sosai. Da kaka ake biyan bashin da aka ci da damina, na iri, na taki, na hatsin da aka ranta lokacin da rumbu ya ƙare. Da kaka ake aure, ake sayen kayan lakwal na yara, kuma wake shi ne abin da ke zama kuɗi nan take, gero kuwa na ci ne, ba a son taɓa shi. Wasu sun ce buhun ba ya isowa kasuwar ƙauye a lokacin da ake bukatarsa, in ya iso kuma kuɗinsa a hannu ake so, a daidai lokacin da hannu ba komai. Waɗanda na tarar sun fi iya riƙe wakensu har farashi ya tashi su ne ƴan ƙungiyoyin da ke yin warantaj, tsarin da aka shigo da shi Nijar tun ƙarshen shekarun 1990: a tara amfani a magaza a kulle, a karɓi bashi a kansa a biya bukatun kaka, in farashi ya hau a sayar a biya bashin a riƙe ribar. Da na tambayi Baba, ya ce ƙauyenmu ba su da irin wannan ƙungiyar, kuma ko an ba shi buhun kyauta, mai bashi ba ya jiran bazara. Wannan na rubuta a sashen da aka ce in ƙara, Dakta ya gyara shi, na buga, na ajiye kwafin ƙarshe a sashe.